Kujerar Motar Ƙasar Sanyi

Da sunan Allah nake ɗaukar biron nan, ko da yake hannuna ya fi sabawa da muciya, kuma karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba. Abin da ya tayar da ni maganar Nasiru ce ranar Sallah, kuna zazzaune a tsakar gida kuna cin tuwo. Ƙaninsa ya ce zai sayi mota, sai Nasiru ya ce masa ya duba da kyau, kar ya yi irin sayen Baba ya kwaso 'yar ƙanƙara. Kuka kwashe da dariya, har da jikokin da ba su taɓa ganin mutumin ba. Ni ma na murmusa, don na saba. Amma da kuka watse na shiga ɗaki na zauna a kan tsohuwar kujerar motar nan da kuke ta cewa in bari a jefar, sai na ga idan na mutu ban faɗa ba, haka za ku ci gaba da gaya wa 'ya'yanku cewa mahaifinku bai san mota ba, an cuce shi a kasuwa. To ku zauna ku ji.

Lokacin da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, garin nan cika ya yi da baƙi dare ɗaya. Ma'aikata, 'yan kwangila, masu neman ofis da masu neman masu ofis, kowa yana son a gan shi cikin babbar mota. Aikin mahaifinku shi ne ɗauko musu ita. Zai hau motar haya har Kwatano, inda jiragen ruwa ke sauke tsofaffin motocin ƙasashen waje, ya zaɓa, ya tuƙo ta har ƙofar gidan mai ita. Tafiya ɗaya takan ci kwana tara ko goma. Ni kuwa a lokacin ban taɓa wuce Kano ba, kuma ban damu ba, don Allah ya yi ni mai son gida. Abin da nake da shi kunne ne. Daga bayan katanga nakan gane wace mota ce ta karyo kwanar layinmu, ta wa ce, har in gane ko direban a gajiye yake daga yadda yake sauya giya. Idan ya dawo ya yi wanka ya ci abinci, bayan la'asar sai in shimfiɗa masa tabarma a inuwa, in zauna ina tsince shinkafa, shi kuma ya buɗe mini duniya. Ba labarin garuruwa yake ba ni ba, labarin motoci ne, amma a cikinsu nake ganin garuruwan.

"Asabe," yakan ce, "za ki ga mota biyu, kamfani ɗaya, fuska ɗaya, kamar tagwaye. Amma kowace da ƙasar da aka ɗinka mata."

"Mota ce ake ɗinkawa kuma, kamar riga?"

"Sosai ma. Kuma wadda aka ɗinka wa wani ba ta zama daidai a jikinki."

Ya ce ta mutanen Japan sitiyarinta a dama yake, ga 'yan labulaye farare masu leshi a taga kamar ɗakin amarya. Ta Amurka faɗi gare ta, ko'ina ka duba wurin ajiye kofi ne, wai su a cikin mota suke karyawa. Ta Larabawa kuwa, in ya zo kanta har muryarsa takan sauya. Lagiretonta, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, ya kusa ninka na sauran. Fanka biyu. Iyakwandishan, abin da yanzu kuke cewa esi, gaba da baya. Ga ɗan akwati tsakanin kujeru da ke sanyaya ruwan sha. Idan ka cika gudu wata 'yar ƙararrawa ta dinga yi maka faɗa har sai ka sassauta. Ya ce wannan ita ce 'yar uwarmu, don rana ɗaya ke dukanmu da su. Sai kuma ta ƙasar sanyi, inda ƙanƙara ke zuba kamar gari. Ita ce ta fi ba ni dariya. Fitilunta na gaba suna da 'yan sandunan goge gilas nasu na kansu. Yawancinsu ba esi, don ba su ga amfaninsa ba. Rufinta kuma buɗe shi ake yi.

"A buɗe rufi don me?" na ce.

"Don rana ta shigo."

"Da gangan? Mutum da hankalinsa?"

"Ai ba ki ji komai ba. Akwai maɓalli, in kin danna, kujerar ce ke ɗaukar zafi, ta gasa miki baya."

Na yi dariya har shinkafar ta zube. Na ce Allah mai iko, mu muna gudun abu, wasu suna saye da kuɗinsu.

A shekarar da nake ba ku labari ya gaji da hanya. Ni ma na gaji da sauraron kwana. Sai ya yanke shawarar sayar da gonarsa ta gado da ke wajen Buji, ya sayi mota tasa ta kansa, babba mai kyau, ya riƙa ɗaukar shatar manyan mutane daga Dutse zuwa Kano, ya kai amare, ya tarbo baƙi. Ya ce mini da safe zai fita, kafin isha'i yana gida. Kullum. Ku ba za ku san daɗin wannan kalma ba, amma ni sai da na yi kwana uku ina maimaita ta a raina. 'Yan uwansa sun yi ta surutu a kan gonar, ya toshe kunne. Har ya riga ya ga motar a Kwatano, fara sol, 'yar ƙasar Larabawa, wani abokin harkarsa ya yi alkawarin riƙe masa ita.

Ana cikin haka aka kawo Inna, mahaifiyata, daga Kafin Hausa. Manyanku za su tuna ta, 'yar siririyar tsohuwa mai carbi baƙi. Sanyin ƙashi ne ya kama mata ƙugu da baya, ya lanƙwasa ta. An yi na Hausa, an yi rubutu, sai aka ce a gwada asibitin Dutse. Ta zauna a ɗakina tana jin nauyin zama gidan suruki, kullum cewa take gobe za ta koma. Farkon sanyi ne. Abu ɗaya ke ba ta sauƙi, gashi. In dafa ruwa in tsoma tsumma in danna mata, ta ce alhamdu lillahi, kafin in juya tsumman ya huce ciwon ya dawo. In kawo kaskon garwashi, gabanta ya yi zafi bayanta na nan yadda yake. Wata biyu ban ga ta yi barcin kirki ba. Ba ta kuka, sai dai in ji tana jan carbi da ƙarfi, daga ƙarar carbin nake gane inda ciwon ya kai.

Ran nan mahaifinku ya dawo da wata baƙar mota 'yar ƙasar sanyi da wani Alhaji ya sa a ɗauko masa. Alhajin ya yi tafiya, motar ta kwana biyu a ƙofar gidanmu. Ranar komawa asibiti sai ya ce a fito da Inna. Muka sa ta a gaba don ta miƙe ƙafa, ni ina baya. Kun san tsakanin suruki da suruka, ko kallon inda take bai yi ba. Amma na ga ya miƙa ɗan yatsa a hankali ya danna wani abu. Ba mu kai ga kwalta ba Inna ta yi magana.

"Asabe, ke ce kika sa mini hannu a baya?"

"A'a Inna, ga hannuwana."

"To wa ke gasa ni haka? Kuma ba ya hucewa."

Can sai na ji carbin ya yi shiru. Na leƙa, Inna ta yi barci, kanta a jingine, bakinta a ɗan buɗe kamar jaririya. Muka iso ƙofar asibiti, mahaifinku ya dube ni ta madubi, na dube shi, sai kawai ya wuce. Ya zagaya ta sakatariya, ya bi ta gindin duwatsu, ya dawo, ya sake zagayawa. Sau uku muka wuce ƙofar asibitin nan kafin ta farka.

Da Alhajin ya dawo aka kai masa motarsa, carbin ya koma ƙara.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ranar da zai tafi ɗauko farar motar, da hantsi, yana ɗaure jakarsa a bakin ɗaki, na tsuguna kusa da shi.

"Malam, in ka je, ba za a samu irin ta Alhajin nan ba?"

Ya tsaya da ɗaurin. "Akwai su birjik. Ba wanda ke so."

"To ka sayo irinta mana. Ai mota mota ce. Ba kai ka ce fuskarsu ɗaya ba?"

"Asabe, ke ce ke faɗar haka? Ke da na koya wa? Bazara na zuwa. Baƙar mota, kujerun fata, ba esi. Wane mai babbar riga ne zai shiga? Lagireton ma ɗan ƙarami ne. Ba don ƙasarmu aka yi ta ba."

Ina so ku fahimci wannan da kyau. Ba rashin sani ba ne. Duk abin da ya faɗa na san shi, zan iya karanto masa kamar hadda. Na san gona ce guda aka sayar, babu ta biyu. Na san abin da nake ɗorawa a kan sikeli. Amma na yi wata biyu ina sauraron carbin nan, kuma na ga yadda ya yi shiru. Sai na daina wayo, na faɗi abin da ke raina.

"Uwata ce, Malam."

Ya ƙarasa ɗaurinsa, ya leƙa ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna daga nesa ya yi mata sallama, ya fita.

Kwana tara. A na taran ina tankaɗe da yamma sai na ji inji ya karyo kwana. Ban tashi ba, rariyar ce kawai ta tsaya a hannuna. Kukan nan mai laushi ne, can ƙasa-ƙasa, irin na motar da ta kwana biyu a ƙofar gidanmu. Babu hucin fanka biyu da ya sha kwatanta mini. Kafin ya kashe motar na riga na san abin da ya sayo. Daɗi da tsoro suka haɗu mini a ƙirji, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Mutanen unguwa suka taru. Ina daga bayan zaure ina jin muryar Malam Haladu bakanike, amininsa tun suna samari, yana buɗe gaban motar.

"Kai, ina esin?"

"Babu."

"Wannan ɗan lagireton fa, na shayi ne? La ilaha illallahu! Har da tagar sama! Kai da kake koya mana, kai ne za ka je har bakin teku ka kwaso mana 'yar ƙanƙara? Ina farar da ka ishe mu da labarinta?"

"Wannan ce ta yi mini."

"Ta yi maka a ina? Ko ƙanƙarar ma ka yo odarta, tana hanya?"

Aka yi ta dariya, shi ma yana taya su. Ya ce musu kyanta ne ya ruɗe shi. Daga ranar sunan ya bi motar, daga baya ya bi shi. Ko sau ɗaya bai ce matata ce ta roƙe ni ba.

Kullum bayan sallar asuba, idan gari ya fara haske, sai ya matso da motar bakin zaure, ya tayar da inji, ya danna maɓallin, don kujerar ba ta ɗaukar zafi sosai sai injin na aiki. Sannan ya tafi can gindin dabinon da ke gefen masallaci ya tsaya ya juya baya, don kar surukarsa ta ji kunya. Ni kuma in riƙo Inna mu fito a hankali. Takan yi awa guda a ciki, wani lokaci fiye. Ku tuna zamanin wahalar mai ne, mutane na kwana a layi, shi kuwa yana ƙona mai motar na tsaye. Inna ta sa wa motar suna "ɗakina". Ta fara cin abinci, ta fara ba ku tatsuniya, har ta koma yin sallah a tsaye na ɗan wani lokaci. Ba ta taɓa sanin akwai wata farar mota ba. A zatonta duk motocin manya haka suke. Wata safiya da na fito da ita ta hango shi a gindin dabino, ta ce da ni:

"Ki gaya wa maigidan nan, yadda ya ɗumama mini ƙashina, Allah ya sanyaya masa makwancinsa."

Da na gaya masa sai ya sunkuyar da kai ya daɗe yana goge gilas ɗin da ba shi da datti.

Watannin sanyi an samu aiki, don motar akwai kyau, kuma yana kwana a gida kamar yadda ya yi alkawari. Waɗannan watanni su ne mafi daɗi a aurena, kuma ba su wuce uku ba. Sai bazara ta shigo. Rana ta buɗe, duwatsun garin nan suka fara mayar da zafi. Wani ɗan kwangila ya ɗauki shata zuwa Kano, ya sha shadda mai sitaci, ya zauna a gaba. Ga rana ta gilas, ga fata, ga ba esi, kuma garin gyara zama jakarsa ta danne maɓallin nan ba wanda ya lura. Kafin Wudil mutumin ya jiƙe sharkaf, yana ta salati yana cewa zazzaɓi ne ya kama shi ta ƙasa. A nan ya sauka ya hau bas. Kafin mahaifinku ya dawo labarin ya riga shi zuwa tasha. Na san wannan ne labarin da kuka fi so, kuma ni ma in na tuna ina dariya. Amma daga shi shata ta fara ja baya. Sai allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa duk sanda ya shiga cunkoson Kano, ruwa ya tafasa, ya tsaya a gefen titi yana jira ta huce, fasinja na zaginsa. In an kai amarya ƙauye cikinta ya dinga gurzar burji, don ƙasa-ƙasa aka yi ta, don titunan da ba rami. Malam Haladu, duk da tsiyarsa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ƙara fanka, ya nemo tsohon esi ya ɗaura, sai injin ya ƙara zafi. Ƙarshe ya ƙone gaba ɗaya a hanyar Gaya, aka jawo ta da igiya.

Inna ba ta ga wannan ba. Ta rasu kwana kaɗan kafin ruwan farko, cikin sauƙi, da hantsi, bayan ta fito daga motar, ɗakin nan nata. Bayan sadakar arba'in masu sayen kayan gyara suka zo daga Kano suka ɗauki motar. Kafin su iso na ji ƙarar sifana a waje. Ya kwance kujerar gaba ya shigo da ita a ka, ya ajiye mini a ɗaki. Mako biyu bayan nan ya sake ɗaure jakarsa. Ba gona, ba mota, sai hanyar Kwatano.

Shekarun da suka biyo baya kun san su, don a cikinsu kuka girma. Garin ya faɗaɗa, aka kawo shari'a, aka yi ta sababbin unguwanni, shi yana hanya. Sau biyu a wata muke ganinsa, wani watan sau ɗaya. Nasiru, na san har yau kana riƙe da shi a rai cewa ranar saukarka ta Alƙur'ani kowa da ubansa, kai sai kawunka. Na gan ka kana leƙen ƙofa. Yana can bakin iyaka an tsare su da motar wani. Da farar motar ya sayo, da yana zaune a sahun gaba ranar. In akwai wanda za ka ji haushi, ga ni. Ni da na fi kowa son ya zauna a gida, ni na mayar da shi hanya da bakina, na kuma koma bayan katanga ina sauraron kwana, har gashina ya yi fari.

Bai dawo ya zauna ba sai da ciwon suga ya taɓa masa ido, tuƙi ya gagara. Zaman da muka yi ta jira bai cika shekara ba. A kan kujerar nan yake yini. Wata la'asar na ji ɗayanku ya yi masa tsiyar 'yar ƙanƙara yana dariya, da kuka fita na ce masa ya bari in gaya muku gaskiya.

"Ki gaya musu me? Cewa kin so uwarki?"

"Cewa ni na sa ka. Suna ganin kamar ba ka san mota ba."

"Ke kika roƙa, amma ni na biya. Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Da na isa Kwatano, farar na fara zuwa. Na shiga na kunna esin, na zauna har sanyi ya ratsa ni. Wallahi Asabe ban taɓa son wani abu na duniya kamar motar nan ba. Na yi rabin yini a tsakaninsu. Sai na tuna tsohuwar nan tana barci bakinta a buɗe, mun wuce asibiti sau uku. Na fito na rufe ƙofar."

"Ba ka yi da-na-sani ba?"

"Na yi mana, ina mutum. Duk sanda na kwana a bakin iyaka sauro na cizona sai na yi. Amma in aka mayar da ni wajen, baƙar zan sake ɗauka. Ki bar su su yi dariyarsu. Ni na iya ɗauka, ke kin cika kuka. In na tafi kya faɗa."

Ya tafi, ban faɗa ba. Shekaru nawa ke nan. Ba don shi na yi shiru ba, don kaina ne, ina tsoron yadda za ku dube ni. Na bar shi yana ɗauke da dariyar har a kabari, don na ga ya iya. Wannan kuskuren ya fi mini na farko ciwo, shi ya sa na rubuta da hannuna, kar in fara faɗa da baki kuka ya hana ni ƙarasawa.

Kujerar kuwa ku bar mini ita. Na san fatar ta tsage, wayoyin na reto a ƙarƙashi, ba za ta sake ɗaukar zafi ba. Amma da hantsi rana kan shigo ta taga ta sauka a kanta, in na zauna sai in ji ɗumi a bayana, in ja carbin Inna, in maimaita masa addu'ar da ta yi masa. Har yanzu in mota ta karyo kwanar layin nan sai na ɗaga kai, ko da na san ba shi ba ne. Allah ya jiƙansu su biyun, ya haɗa mu inda ba tafiya.

Labarin ɗan kwangila da shaddarsa ku ci gaba da bayarwa, shi ma yana son sa. Amma idan kun zo kan 'yar ƙanƙara, ku gaya wa 'ya'yanku daidai. Ba a cuci kakansu ba. Ya zauna a cikin farar, ya ji sanyinta, ya fito. Ya san abin da ya sayo.